Tseren keke na Kigali: mutum 165 suka tashi, 30 suka kai

Ɗan Jos: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tun ranar Lahadi akwai abin da ya tsaya mini a rai, na ce bari in kawo shi nan mu tattauna. Wanda bai bi labarin ba, ranar 28 ga Satumba 2025 aka yi babban tseren keke na maza na gasar duniya a Kigali, babban birnin Ruwanda. Tun da aka fara wannan gasa fiye da shekara ɗari da suka wuce, wannan ne karon farko da ta zo Afirka. Tadej Pogacar na Sulobeniya ya ci, Remco Evenepoel na Beljiyam ya zo na biyu, Ben Healy na Ayilan na uku. Duk wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne mutum 165 suka tashi, mutum 30 kacal suka kai ƙarshe, kuma cikin talatin ɗin nan ɗan Afirka ɗaya ne tak, Amanuel Ghebreigzabhier na Iritiriya, shi ma shi ne na ƙarshe. To ni tambayata: an karrama mu ne, ko an yi biki a gidanmu an bar mu da wanke-wanke?

Ɗan Arsenal: Wa'alaikumus salam. Wai tseren keke har da gasar duniya? Ni ban san Ruwanda da komai ba sai sunanta a hannun rigarmu.

Maman Hanif: Kai dai kullum ƙwallo. Bari masu abin su yi magana mu ƙaru.

Injiniya: Malam Ɗan Jos, kafin a yanke hukunci a fara sanin irin hanyar. Tsawonta kilomita 267.5. Wato ka tashi daga Kano ka wuce Zariya ka shiga Kaduna, kuma da sauran tafiya a gabanka. Amma ba tsawon ba ne ya kashe mutane, hawan ne. In ka tara duk hawan da suka yi a ranar zai kai mita 5,475, kaɗan ya rage ya kamo tsayin dutsen Kilimanjaro. Ga shi Kigali kanta tana kan tudu, wajen mita 1,500 daga teku, iska ba ta cika huhu kamar yadda take yi a ƙasa. Pogacar ya gama a cikin awa 6 da minti 21, in ka lissafa kusan kilomita 42 a kowace awa ke nan. A kan keke, da ƙafa, a hanyar da kusan babu miƙaƙƙen wuri.

Ba 'yan Afirka kaɗai suka sauka ba. Manyan 'yan tseren Turai da ake biyansu miliyoyi su ma sun ajiye keke.

Abu Damagaram: Lalle. Kilo 267 ya fi Damagaram zuwa Maraɗi. Ni ko a mota in na yi wannan tafiya sai na kwana ina jin bayana.

Ɗan Jos: Injiniya, ai maganar da kake yi ita ce hujjata. Wa ya zana hanyar? An san sarai gwarzon da Afirka take taƙama da shi Biniam Girmay na Iritiriya ne, kuma an san shi ba mai hawan dutse ba ne, mai gudun ƙarshe ne. Mutumin da ya ci zango uku a Tour de France na 2024 ya tafi da koriyar riga ta wanda ya fi tara maki. Shi da bakinsa ya faɗa tun kafin gasar cewa hanyar ba irin tasa ba ce. Ya zo don kada a ce bai zo ba, ya kuma sauka bai ƙarasa ba. A ce ka shekara ɗari kana jiran a kawo maka abu gida, ranar da aka kawo sai a ɗora shi inda hannunka ba zai kai ba?

Injiniya: To a Kigali ina za ka samo shimfiɗaɗɗiyar hanya? Ƙasar da ake yi wa kirari da ƙasar tuddai dubu. Ko kasuwa za ka, sai ka hau ka gangara.

Ɗan Jos: Ana iya rage wa. Ba dole sai an sa su zagaye gari sau 15 ba, kowane zagaye da hawa biyu, sannan a ƙara musu Dutsen Kigali a tsakiya.

Sani na Kigali: Salamu alaikum. Ni ina nan Kigali ina karatu, kuma na je kallo, bari in ba ku abin da idona ya gani.

Akwai wani hawa da suke kira Bangon Kigali, a wajen Nyamirambo, unguwar da Musulmi suka fi yawa a garin. Gajere ne, bai fi mita 400 ba, amma a tsaye yake, kuma ba kwalta ba ce, duwatsu ne aka jera. Ko a ƙafa ka hau sai ka tsaya ka huta. Sau ɗaya tak za su bi ta wurin a tseren, amma tun da hantsi wurin ya cika. Mutane a kan rufin gidaje, a kan katanga, yara a wuyan iyayensu, ga ganguna. Wata tsohuwa kusa da ni ta zo da kujerarta da lema kamar mai jiran ɗaurin aure. Mun fi awa uku a tsaye.

Sai muka ji ƙarar jirgi mai saukar ungulu a sama, sai babura, sai ihu ya taso daga ƙasa yana hawowa kamar ruwa ya ɓalle. Pogacar ne da wani yaro ɗan Meziko, Isaac del Toro. Wallahi ban fi daƙiƙa biyar ina ganinsu ba. Abin da na riƙe shi ne ƙarar kekunan a kan duwatsun, kaf-kaf-kaf, da fuskar Pogacar, kamar wanda aka aika sayen kati. Waɗanda suka biyo baya kuwa baki a buɗe, gishirin gumi ya yi fari a rigunansu. Can daga baya 'yan Ruwanda suka iso, an ba su rata mai yawa, amma ihun da aka yi musu ya ninka na Pogacar. Wani a gefena har kuka ya yi.

Ni dai a wurin ban ga wanda yake jin an bar shi da wanke-wanke ba.

Maman Hanif: Awa uku don daƙiƙa biyar! Sani, Allah ya ba ka haƙuri irin wannan a karatunka.

Sani na Kigali: Amin Hajiya. Ai ko hawan Daushe haka ne, ki yini a rana don ki ga Sarki ya wuce.

Baba Mai Faci: Salamu alaikum yara. Jikana ne yake karanto mini, shi yake rubuta abin da na ce. Shekarata arba'in da wani abu ina gyaran keke. Na ga wani guntun hoton tseren a wayarsa, inda wani yaro mai shuɗiyar riga ya tsaya a bakin hanya yana ta faɗa yana harbin gora da ƙafa. Me ya same shi? Faci ya yi?

Injiniya: Barka da zuwa Baba. Wannan shi ne Evenepoel, wanda ya zo na biyu. Ba faci ba ne, sirdi ne. Ya ce ya faɗa rami sirdinsa ya sunkuya, ƙafafunsa suka fara ɗaurewa. Ya canza keke, wanda aka ba shi ma ya ce sirdin bai zauna daidai ba, ya sake tsayawa yana jiran motar ƙasarsu ta kawo masa wani. A nan ya zubar da lokaci mai yawa. Duk da haka ya taso ya kamo waɗanda suka wuce shi, ya bar su, ya ƙare minti 1 da daƙiƙa 28 a bayan Pogacar.

Baba Mai Faci: To ni ban ga laifinsa ba. Wanda bai san keke ba zai ce shagwaɓa ce. Sirdi in ya karkace da faɗin farce, mai zuwa kasuwa ba zai ji ba, amma wanda zai yi awa shida a kai, gwiwa da ƙugu za su gaya masa. A da akwai wani mai kawo madara daga ƙauye, kullum sai ya zo yana kukan gwiwa, har ya fara shan magani. Na dubi kekensa na ga sirdin ya yi ƙasa, na ɗaga masa kamar yatsa biyu na ɗaure. Bayan sati ya dawo da ƙwaryar nono ya ce ladan likita ne.

Amma keke uku a tsere ɗaya! Mu a nan mutum ɗaya keke ɗaya har ya mutu, ɗansa ya gada.

Ɗan Arsenal: Baba ai shi ma uzuri ne kawai. An fi ƙarfinsa ya ce sirdi. Kamar mu in aka ci mu mu ce alƙalin wasa.

Injiniya: A'a, kada ka raina shi. Mako ɗaya kafin nan, ranar 21 ga Satumba, aka yi tseren agogo, wanda kowa yake tashi shi kaɗai a auna lokacinsa, kilomita 40.6. Pogacar ya riga shi tashi da minti biyu da rabi, amma Evenepoel ya kamo shi a kan hawan Kimihurura mai jerarrun duwatsu a cikin Kigali ya wuce shi. Kuma ranar ce Pogacar ya cika shekara 27. Ko lambar tagulla bai samu ba, ya zo na huɗu. Wannan ne karo na uku a jere da Evenepoel ya ci tseren agogo na duniya. A wasannin Olamfik na Faris a 2024 kuwa zinare biyu ya ɗauka, na agogo da na hanya, kuma a na hanyar tayarsa ta sace saura ƙasa da kilomita huɗu, ya canza keke ya ci abinsa. Don haka ranar Lahadi ramuwar gayya ce Pogacar ya yi.

Maman Hanif: Ni akwai abin da ban gane ba. In dai mutum ya fi kowa ƙarfi, me zai hana ya tsere tun daga farko ya huta da cunkoso? Na ga suna tafiya a dunƙule kamar tumaki awa da awanni.

Ɗan Jos: Hajiya iska ce. In kina gudu a keke, yawancin ƙarfinki wajen ture iska yake tafiya. Wanda ya laɓe a bayan wani yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar, wanda yake tsakiyar ayari kuwa ya fi haka samun sauƙi. Shi ya sa kowace ƙasa take zuwa da barori, in ce masu hidima, aikinsu su tare wa jagoransu iska, su ɗebo masa ruwa, in tayarsa ta fashe ma su ba shi tasu. Su ƙone ƙarfinsu su sauka, shi ya ƙarasa. Da yawa cikin 135 ɗin da ba su kai ba, aikin da aka sa su suka gama.

Abin da ya sa ake ta maganar Pogacar shi ne yana karya wannan ƙa'ida. A Dutsen Kigali ya taka, saura fiye da kilomita 100. Mutum biyu suka iya binsa, Juan Ayuso na Sifaniya da del Toro. Ayuso ya fara zubewa, del Toro ya riƙe har saura kilomita 66, daga nan Pogacar shi kaɗai da iska har gida. A gasar duniya ta 2024 ma a Zurik haka ya yi musu, daga kilomita 100.

Abu Damagaram: Ban da haka, na ji an ce su ukun nan duk ƙungiya guda suke yi wa aiki a sauran shekara, ta Daular Larabawa. Wannan ba haɗin baki ba ne? Ɗan Meziko ya ja ɗan Sulobeniya.

Injiniya: Gaskiya ne, duk 'yan ƙungiyar UAE ne, ta Daular Larabawan, a 2025. A gasar duniya kowa rigar ƙasarsa yake sawa, kuma ba a yarda da rediyon kunne ba, ba mai gaya maka daga mota ka yi kaza. Amma wanda kuke cin abinci tare wata goma, ba za ka manta shi a rana ɗaya ba. Sai dai del Toro ma ribarsa yake nema, in sun tsere tare ko ba komai ya samu azurfa. Cikinsa ne ya ba shi matsala.

Shugaban Zaure: Jama'a muna ta yawo. Tambayar Ɗan Jos ita ce ko gasar ta amfani Afirka. A dawo kanta.

Ɗan Jos: Na gode Shugaba. Ga inda na tsaya. Ƙasashen Afirka sama da talatin sun turo 'yan wasa a makon, abin da ba a taɓa gani ba. Na yarda. Amma mafi yawansu an cire su tun tseren bai yi nisa ba, don ƙa'ida ce in an ba ka rata sosai a zagaye sai a sauke ka. Yaro ya zo daga ƙasarsa, ya yi zagaye uku ko huɗu, an ɗaga masa tuta an ce ya isa. Me ya koya? Hoto ya ɗauka kawai.

Sani na Kigali: Yaya Ɗan Jos, ya koyi inda duniya take. Kuma ka manta abu guda. Shekara da shekaru 'yan Afirka ne suke fama da biza da kuɗin jirgi in za su Turai. Wasu a gayyace su ma takarda ta hana. Bana sai ga Turawa suna kukan tsadar tafiya, har Denmak da Holan suka rage tawagarsu ta matasa. Na yi dariya da na ji. Ashe ana jin zafin.

Maman Hanif: In ji masu magana, ciwon da ke jikin wani kamar a jikin itace yake.

Abu Damagaram: Ni ina bayan Sani, amma da gyara. Mu nan yamma muna da namu tun tuni. Tour du Faso tun 1987 ake yin shi a Burkina, ga na Kamaru, ga wanda aka riƙa yi a Gabon. Na taɓa cin karo da na Faso a hanyar Wagadugu, an tsayar da motarmu fiye da awa guda. Zafi kamar gidan burodi, ga jar ƙura, ga 'yan makaranta an jera su bakin hanya. Mutanen can keke a jininsu yake, mata da maza. To amma ɗan Burkina da ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, in ka kai shi Kigali ka ce ya hau mita dubu biyar, ka zalunce shi. Afirka ba ƙasa guda ba ce. An kai gasar gabas, ta yi kama da gabas.

Injiniya: Kuma ko a gabas ɗin, ku duba wanda ya kai ƙarshe daga ina yake. Iritiriya. Ba haɗari ba ne. Tun zamanin mulkin Italiya keke ya shiga ƙasar, tun 1946 suke da tseren zagaye ƙasa. Asmara tana sama da mita 2,300, yaro yana tasowa huhunsa ya riga ya saba. Kusan kowane ƙarshen mako akwai tsere a gari. Daga nan Daniel Teklehaimanot ya fito, wanda ya sa rigar gwanin hawa a Tour de France na 2015. Shi kansa Girmay sai da aka kai shi cibiyar horarwa ta hukumar keke ta duniya a Aigle, ƙasar Suwizalan, yana matashi. Ya ci azurfa a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 23 a 2021, ya ci tseren Gent-Wevelgem na Beljiyam a 2022. Gini ne na shekaru. Ba wai a sassauta hanya rana ɗaya ba.

Ɗan Arsenal: Ba shi ne wanda murfin kwalba ya buge wa ido ba? Na taɓa ganin wannan.

Injiniya: Shi ne. A tseren Italiya na 2022. Ya ci zango, ya hau dandamali zai buɗe kwalbar giyar da suke fesawa, murfin ya harbe shi a ido, washegari bai iya ci gaba ba.

Baba Mai Faci: Kun ji ko. Giyar keke ta kai shi sama, giyar kwalba ta sauko da shi.

Maman Hanif: Baba ka gama da mu yau!

Malam Habu: Ina ta karantawa ban sa baki ba, amma akwai ɓangaren da kowa ya tsallake. Wannan gasa ba don Allah da son keke kawai Ruwanda ta ɗauke ta ba. Gwamnatin Paul Kagame ta daɗe tana sayen suna da wasanni, sunan da aka sa a hannun rigar su Ɗan Arsenal ma kuɗi aka biya. A farkon 2025 'yan tawayen M23 suka kama Goma da Bukavu a gabashin Kwango, kuma masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce Ruwanda na mara musu baya, ita kuma tana musantawa. Majalisar Turai har ta nemi a soke gasar a watan Fabrairu. Hukumar keke ta ce ba ta da wani shiri na biyu. To muna ta murnar an share titi an yi fenti, maƙwabta kuma suna gudun hijira. Ni wannan ya hana ni jin daɗin kallon.

Sani na Kigali: Malam, ni baƙo ne a nan, ba zan zurfafa a wannan ba, ka gane. Abin da zan ce kawai, tsohuwar da ta zo da kujerarta ba gwamnati ce ta aiko ta ba.

Abu Damagaram: Maganar Malam Habu tana da nauyi. Sai dai in za a bi wannan ma'auni a bi shi ga kowa. An yi wannan gasa a Ƙatar a 2016, an ba Abu Dhabi ta 2028. Ba a ce sai ƙasa ta zama waliyyiya kafin a ba ta ba. Sai da aka zo Afirka kowa ya zama mai wa'azi.

Malam Habu: Laifin wani ba ya wanke na wani, Abu. Amma na ji ka.

Shugaban Zaure: An faɗa an ji. Kada mu mai da zauren na siyasa, akwai inda ake yin ta.

Ɗan Jos: To bari in sauko kaɗan daga inda na hau. Na yarda ko an miƙe hanyar kamar tabarma, mutum ɗaya za ta amfana, Girmay, shi ma ba tabbas. Amma har yanzu ina ganin an wuce gona da iri. Tseren da mutum 30 suka gama, kuma an san wanda zai ci tun saura awa biyu, ko ga mai kallo ba daɗi. Manya irin su Mathieu van der Poel da Wout van Aert da Jonas Vingegaard ma ba su zo ba.

Abin da ya fi ci mini rai kuma namu ne na gida. Jos tana kan mita 1,200, Mambila ta fi haka. Muna da tuddai, muna da yara masu ƙarfi. Ku je ku ga masu ɗauko buhunan dankali da itace a keke suna hawa da su. A Ruwanda ma wasu 'yan tserensu daga acaɓar keke suka fara, aka gan su aka ɗauke su. Mu wa yake dubawa? A Olamfik na Faris 'yar tserenmu Ese Ukpeseraye sai da tawagar Jamus ta ara mata keke ta shiga tseren cikin fili.

Injiniya: Kuɗi ne, Malam. Keken da waɗannan mutane suke hawa, ƙa'ida ta ce kada ya gaza kilo 6.8, kuma kusan a nan suke tsayawa. Da yatsa biyu za ka ɗaga shi. Kuɗin guda ɗaya ya sayi mota mai kyau. Ga taya, ga abinci, ga tafiye-tafiye. Ƙwallo kuwa yara ashirin da biyu ƙwallo ɗaya ta ishe su.

Baba Mai Faci: Injiniya ban yarda da kai duka ba. Kuɗi na gaba ne. Na farko a mutunta abin. Lokacin da nake yaro, wanda ya sayi Raleigh sabo sai an zo an taya shi murna, ango ma da shi ake kai shi. Har masana'antarsa aka yi a Kano. Malamin makaranta, ma'aikacin asibiti, duk keke. Da babur ya zo sai keke ya zama alamar talauci. Yau yaro ya gwammace ya ci bashin babur da a gan shi yana taka feda. Ga direbobi ba sa ganin mai keke a matsayin mutum. Wata uku da suka wuce aka kawo mini wani keke gaba ɗaya ya lanƙwashe kamar lauje, mai shi yana asibiti. Wane uba ne zai bar ɗansa ya yi kilomita ɗari a irin wannan titi?

A da mu ma muna tsere. Ranar sallah bayan an sauko, samari mu haɗu a bayan gari, a cire kariya da madgad don keke ya yi sauƙi, a zuba wa boris man gyaɗa in ba a sami giris ba. Wanda ya ci a ba shi kwalin sukari. Ni na taɓa cin na biyu, kuma da cen ɗina bai zame ba da na ci.

Ɗan Arsenal: Ka ji Baba ma da nasa uzurin! Evenepoel sirdi, Baba cen.

Baba Mai Faci: Ɗan nema. Zo da kekenka mu gwada, ko yanzu.

Maman Hanif: Ni tambaya ta ƙarshe. Wanda ya ci me aka ba shi? Kofi?

Sani na Kigali: Lambar zinare da riga, Hajiya. Farar riga mai zanen bakan gizo a ƙirji. Shi kaɗai yake da ikon sa ta a tseren hanya har shekara ta zagayo. Ya riga ya saba da ita, tun 2024 take jikinsa. Ta 2026 Montreal ta Kanada aka ba, can ma an ce hawa ne.

Ɗan Jos: Ka ji ko. Wato sai dai a ɗinka masa ta uku.

Injiniya: Sai in Evenepoel ya sami mai ɗaure masa sirdi.

Baba Mai Faci: Ku ba shi lambar jikana. Ɗan Jos, kai kuma in gaske kake, ka tara yaran nan masu dakon dankali ko goma ne, ka auna musu hanya, ka samo wanda zai tare muku motoci. Ina da tsofaffin kekuna uku a bayan shago, biyu taya kawai suke so. Ka aiko a ɗauka.

Ɗan Jos: Baba na riƙe ka da wannan magana. Na ukun me yake so?

Baba Mai Faci: Na ukun sai addu'a.